Ƙugiyar Ƙofar Gangare

Duk wanda ya taɓa aiki a gonar dawakin nan ya san labarin ranar da ƙofa ta rataye mai kula da makiyaya. Sabon ma'aikaci, kafin ma a nuna masa inda famfo yake, an riga an ba shi labarin. Tun daga ranar sunan mutumin ya ɓace. Kowa Rataye yake ce masa, har matarsa idan bakinta ya suɓuce.

Makiyayar gonar kashi huɗu ce, kowanne da shingensa da ƙofarsa: Tudu, Bayan Barga, Inuwa, sai kuma Gangare, wanda ya fi duka ni'ima, can ƙasa kusa da rafi. Ba a sakin dawaki su ci inda suka ga dama. Fegi ɗaya, wato kashi ɗaya, za su ci, idan ciyawar ta sauko zuwa idon sawu a kwashe su a kai na gaba, a bar wancan ya huta ya sake tasowa. Wanda yake cewa yau a shiga, yau a fita, shi ne Rataye. Ba shi da wani ma'auni sai takalminsa na roba. Ya shiga fegi ya tsaya, idan ciyawa ba ta kai rabin ƙwaurinsa ba, amsarsa ɗaya ce ga kowa, har mai gonar: "Jira tukuna."

A shekarar da abin ya faru, ya sake shuka iri a Gangare. Toho ya fito shar, mai laushi kamar gashin jariri, ga shi an yi ruwa ƙasa ta jiƙe. Sai mai gona ya aiko cewa zai kawo baƙi su ga dawaki. Mai horar da dawakin, wanda ake kira Gayu saboda ba a taɓa ganin taɓo a takalminsa ba, ya ce dawaki sun fi kyau a kan kore. Shi Gayun nan kuwa ba bare ba ne, mijin ƙanwar Rataye ne, autarsu.

"Yaya, a buɗe mana Gangare na ɗan lokaci," in ji Gayu. "Hoto kawai za a ɗauka."

"Jira tukuna."

"Baƙin ba za su jira ba."

"To su ɗauki hoton ciyawar. Ita ma abin kallo ce."

Gayu ya bari Rataye ya shiga ɗakin ajiya neman waya, ya koro dawakin ta hanyar da ta sauka gangaren, ya cire sarƙar ƙofa. Rataye ya ji ƙarar kofato, ya fito a guje cikin rigarsa ta ruwa, ya iso ƙofar tana rabin buɗewa. Ya juya ya kafa mata baya yana turawa don ya rufe.

A nan Gwaggo ta shigo labarin. Gwaggo tsohuwar goɗiya ce, fara, mai faɗin ƙirji, ita ce uwar garken. Halinta ɗaya: ba ta ratsa ƙofar da aka buɗe rabi. Ta ɗauki hakan raini ne. Sai ta sa ƙirji ta banka ta har ƙarshe. Ƙofar Gangare kuma idan ta buɗe duka, bakinta a kan wani ɗan kwari yake tsayawa, inda ruwa ya zaizaye ƙasa. A saman ƙofar akwai ƙugiyar ƙarfe ta rataya sarƙa. Gwaggo ta banka, ƙugiya ta kama wuyan rigar ruwa, ƙofa ta tafi da mutum. Sai ga Rataye yana reto a sama, ƙafafu na neman ƙasa, takalmi ɗaya ya faɗa kwarin.

Baƙi suka fashe da dariya, suka juya wayoyinsu daga kan dawaki zuwa kansa.

"Kai! Zo ka sauke ni!" ya daka wa Gayu tsawa.

Gayu ya riƙe ciki, hawaye na zuba, ya ce, "Yaya, jira tukuna, mu gama hoto."

Rataye ya sha faɗa cewa ratayar ba ta dame shi ba, kuma a wannan kam a yarda da shi. Abin da ya ƙona masa rai, daga can saman yana ganin komai. Yana kallo dawaki suna tumɓuke tohon da saiwarsa, kofato na kirɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kafin a sauke shi, gefen ƙofa ya zama caɓi. Gayu kuma ya bar su a ciki har yamma. Washegari Gangare ya koma kamar wurin kwaɓa laka. Sannan ga kalmarsa da aka mayar masa a gaban baƙi.

Ya shiga gida da takalmi ɗaya a hannu, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, ya ce wa matarsa, "Ki zama shaida. Sai na ga ana yi wa yaron nan dariya a bakin ƙofar nan, kamar yadda aka yi mini. Ko shekara nawa za a yi."

"Yaron da ke da furfura?" in ji ta. "Tashi ka cire rigar nan, ka jiƙa mini tabarma."

Wanda bai san Rataye ba zai ɗauka fushin kwana biyu ne. Amma mutum ne da aikinsa duka jira ne. Ya taso a gidan manomi, ya zo gonar yana saurayi a matsayin mai gyaran shinge, ba don son doki ba. Har yau idan aka matsa masa zai ce doki baki ne mai ƙafa huɗu. Ciyawa ita ce abarsa. Ya san wadda doki ke so da wadda yake tsallakewa, ya san inda suke taruwa su yi kashi su ƙi cin wurin, ya bi da manjagara ya baza idan sun fita don rana ta kashe tsutsa. Yakan durƙusa ya ja ganye ɗaya a hankali, idan ya tsinke a tsakiya saiwa ta kama, idan ya fito da ƙasa sai a jira. Mutumin da zai iya jiran ciyawa ta girma, jiran suruki ba zai gagare shi ba.

Abu na farko da ya yi, ya ƙi cire ƙugiyar. Maƙerin da ke zuwa gyaran ƙofofi ya ce bari ya yanke ta, tunda ta yi ɓarna. Rataye ya ce a bar ta. Ya miƙe ta inda ta lanƙwashe, ya goge tsatsa, ya shafa mata mai. Duk gonar babu ƙarfen da ke samun kulawa irin nata.

Na biyu, ya sake tsarin kiwo. Gayu yana da wani ingarma baƙi da yake ji da shi, wanda dole ya ɗauko shi da kansa kowace safiya don ba ya yarda da kowa. Sai ya zama duk inda garke yake, ingarman yana can ƙarshen Tudu, a wani yanki da aka keɓe masa, sai an hau hawa an ratsa wurin da ruwa ke kwanciya.

"Yaya, me ya sa kullum dokina ne a ƙarshen duniya?"

"Ciyawar can ta fi dacewa da cikinsa."

"Ta Bayan Barga fa?"

"Tana hutawa."

Kuma tana hutawar, shi ya sa babu mai iya kama shi da laifi.

Na uku, tulin takin da ake tarawa daga barga ya tashi daga bayan ɗakin ajiya ya koma gefen katangar gidan Gayu. Rataye ya ce can rana ta fi bugawa. Yakan zaɓi ranar da iska ke kaɗawa wajen tagar surukinsa ya je ya juya tulin da cokalin taki, a natse, yana ɗan waƙe-waƙensa.

Auta ta zo gidan yayanta ta tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu. "Yaya, ni ma a gidan nake kwana fa. Ni me na yi maka?"

"Ke kika aure shi."

"Ya ce ya ba ka haƙuri."

"Ya ce 'a yi haƙuri' yana dariya. Haƙoransa duka a waje. Na ƙirga."

Sai dai fansar ta riƙa ba shi kunya. Hawan Tudu kullum ya zubar wa Gayu da tumbi, har ya ƙara rami a bel, yana yawo yana cewa bai taɓa jin daɗin jikinsa haka ba. Ruwan da ke tsiyaya daga tulin taki ya shiga lambun Auta, tumatir ɗinta ya yi girman dunƙulen hannu, ta aiko wa matar Rataye da kwano guda. Ya ƙi ci. Ya zauna yana kallon iyalinsa suna ci, yana cewa bai ga abin yabo ba.

"Kai dai ka gaji da wannan abu," in ji matarsa. "Kana ta yi masa mugunta yana ƙara kyau."

"Jira tukuna," in ji shi.

Gangare kuwa ya rufe shi ruf. Ya farfasa ƙasar da kofato ya danƙare, ya cike ramuka, ya sake watsa iri, ya tone ƙaya da hannu ɗaya bayan ɗaya. Damina ta wuce bai buɗe ba. Rani ya zo ya wuce. Sauran feguna uku suka ɗauki nauyin garken, idan sun gaji a tsare dawaki a fako, wato filin da ba ciyawa a gaban barga, a zuba musu busasshiya. Dawakin sukan jeru a jikin shinge suna kallon Gangare yana ƙara kore, Gwaggo tana huci kamar wadda aka hana gadonta. Da wata daminar ta kankama, Rataye ya shiga ya tsaya, ciyawa ta rufe rabin takalminsa. Ya ja ganye, ya tsinke a tsakiya. Ya daɗe a durƙushe a wurin.

Mai gona ya ji labari ya ce wannan abin nunawa ne, zai kawo baƙi ranar buɗewa. Gayu ya yi wuf ya ce shi zai buɗe ƙofar, tunda shi ya saba magana da baƙi. Kowa ya juya ya kalli Rataye, ana jiran rigima.

"Ya buɗe," in ji Rataye. "Ai shi ya saba buɗe ta."

A ransa kuwa ya ce rana ta zo. Dabararsa mai sauƙi ce. Ƙa'idarsa ta kullum, ba ya sakin doki a sabuwar ciyawa da yunwa. Sai ya cika musu ciki da busasshiya tukuna, su shiga a natse, su ci kaɗan, a fitar da su, gobe a ƙara. To wannan karon ba zai ba su komai ba. Zai bar su a fako da ciki wayam, su sauko gangaren kamar ambaliya. Gayu yana cire sarƙa za su yi awon gaba da shi, ko dai ya haye shinge ko ya tsunduma cikin kwamin ruwan shan dawaki da sabon kwat ɗinsa. Ba za su taka shi ba, doki ba ya son taka mutum. Dariya kawai za a yi, wadda za a daɗe ana yi. Rataye ya yi ta juya hoton a kansa yana murmushi, har matarsa ta tambaye shi ko lafiya.

Ranar buɗewa da sassafe ya fito ya tsaya a bakin fako, hannu a aljihu. Dawaki suka taso suna haniniya, suna kallon hannunsa, suna kallon rumfar ciyawa. Ya kau da kai. Gwaggo ta zo ta ɗora haɓa a kan shinge, ta zuba masa ido.

"Kar ki kalle ni," ya ce mata. "Ke ma da hannunki a ciki."

Ya juya zai tafi, sai lissafin da yake gudu ya kama shi. Doki mai yunwa idan ya faɗa ɗanyar ciyawa, ba ci yake yi ba, haɗiya yake. Zuwa yamma ciki ya kumbura, ya kwanta yana birgima. Gwaggo ta tsufa, ba lallai ta tashi ba. Sannan garken da ya shiga a guje, birki zai ja a tsakiyar fegi, kofato ya ɗaye ciyawa kamar ana ɗaye fata. Gangaren da ya yi ta lallaɓawa kamar majinyaci, shi da kansa zai sake miƙa shi ga kofato, don kawai a jiƙa wa Gayu kwat.

Ya tsaya nan yana zagin kansa, yana zagin Gayu, yana zagin wanda ya fara kawo doki duniya. Daga nan ya nufi rumfa ya fara ɗibar busasshiyar ciyawa. Ya zuba musu har ta yi yawa, yana jefawa da ƙarfi kamar da ita yake faɗa.

Matarsa ta kawo masa shayi ta same shi zaune a kan bokiti, fuska a murtuke, dawaki suna ta tauna a bayansa.

"Ina fansar?" ta tambaya.

"Suna cinye ta."

Hantsi ya yi, baƙi suka iso. Gayu ya fito cikin sabon kwat, bel ɗin nan mai sabon rami ya ɗaure tsam, takalmi na ɗaukar ido. Aka koro dawaki. Suka sauko gangaren a hankali, ciki cike, kamar tsofaffin da suka dawo daga gaisuwa. Rataye ya tsaya can gefe kusa da Auta, ya harɗe hannuwa, zuciyarsa kamar an zuba mata toka. Yana ji yana gani surukinsa zai sha tafi a kan ciyawarsa.

Gayu ya cire sarƙa. Da Rataye ne, zai buɗe ƙofar har ƙarshe ya ɗaure ta a jikin turke, haka yake yi tun daga waccan ranar. Amma Gayu yana son abin jingina a hoto. Ya buɗe ta rabi, ya juya ya jingina bayansa da ita, ya fuskanci baƙi, ya fara bayani a kan yadda "muka" farfaɗo da wannan fegi.

Gwaggo ta iso. Ta tsaya ta dubi ƙofar, ta dubi faɗin da aka bar mata.

Rataye ya ga kunnuwanta sun kwanta. Ya san abin da ke tafe kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa. Akwai lokacin da zai iya cewa "Kai, matsa!" Ya buɗe baki ma. Wasu sun ce tari ne ya sarƙe shi. Shi bai taɓa cewa komai a kai ba.

Gwaggo ta sa ƙirji. Ƙugiyar da ta sha mai shekara guda cur ta zame ƙarƙashin kwat ta kama bel ta baya, kamar don shi aka ƙera ta. Ƙofa ta tafi, ƙasa ta ƙare, sai ga Gayu a sama da kwarin, ya lanƙwashe biyu, hannuwa da ƙafafu suna iyo a iska. Maganarsa ta tsaya a kan "muka".

Sai Auta ta fara dariya. Ita ce ta fara, wannan kowa ya shaida. Ta toshe baki da gyale, abin ya fi ƙarfinta, ta durƙushe. Baƙi suka ɗauka, mai gona ya juya baya kafaɗunsa na rawa, wayoyi suka tashi sama.

"Yaya! Yaya, don Allah! Bel ɗin zai yanke ni!"

Rataye ya tako a hankali. Ya duba bel ɗin, ya ga fata ce mai kauri, ba inda za ta. Ya duba kwarin, ya ga ko an faɗo ba a karyewa, shi shaida ne. Ya ɗaga kai suka haɗa ido.

"Jira tukuna," ya ce.

Ya wuce cikin Gangare. Ya bi dawakin ɗaya bayan ɗaya yana duba yadda suke ci. Suna tsinkar ganye daga sama a natse, saiwa na nan daram, ƙasa ba ta motsa ba. Ya leƙa kwami ya ga da ruwa. Ya tsaya wajen Gwaggo ya sosa mata wuya, abin da ba a taɓa ganin ya yi wa doki ba. Sai da ya gamsu, sannan ya dawo ya sa kafaɗa ya ɗaga surukinsa, ya zare ƙugiyar, ya dire shi a ƙasa. Takalmin nan mai ɗaukar ido ya nutse cikin lakar kwari har idon sawu.

"Ka gani daga can sama?" Rataye ya tambaye shi a hankali. "Ana ganin fegin duka, ko?"

Gayu ya gyara kwat, ya kalli koren da ya shimfiɗu har rafi, ya kalli takalminsa. "Ana gani, Yaya," ya ce. "Wancan karon ban kyauta ba." Babu haƙori ko ɗaya a waje. Rataye ya duba.

A makon nan tulin taki ya koma bayan ɗakin ajiya, har Auta ta zo tana ƙorafin an kashe mata lambu. Ingarma baƙi ya sauko Bayan Barga, Gayu ya roƙa a mayar da shi Tudu saboda tumbi. Ƙugiya kuwa tana nan. Maƙeri ya sake tambaya, Rataye ya ce a bar ta, mai gona yana da surukai shi ma.

Yanzu ya manyanta, gwiwa ba ta barinsa ya daɗe a durƙushe, amma har yau shi ke shiga fegi da takalmin roba ya ce a shiga ko a jira. Kwanaki direban da ke kawo busasshiyar ciyawa ya hango shi a bakin ƙofar Gangare yana shafa wa ƙugiya mai, ya leƙo ta tagar mota ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Rataye! Yau ba a hawa sama ne?"

Tsohon bai ko juyo ba. Ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Wane Ratayen kake nema, babba ko ƙarami? In ƙaramin ne yana barga, kuma ya fi ni daɗewa a sama."